A kira mai kwamfuta kafin a kashe masa manhaja

Duk mai kula da kwamfutocin ofis ya saba da wannan kiran: "Malam, abin ya daskare, ya ƙi motsi." A da sai ka tashi ka haura bene. Yanzu daga kujerarka za ka gama, muddin na'urorin a haɗe suke kuma kana da izinin gudanarwa. A Windows, umarnin tasklist tare da /s da sunan kwamfutar zai jero maka duk abin da ke gudana cikinta, taskkill kuma ya kashe wanda ya maƙale. Akwai kuma PsKill mai yin irin wannan aiki, cikin kayan Sysinternals da Microsoft ta saya a 2006.

Ina goyon bayan wannan hanya, ta fi zare waya daga bango nesa ba kusa ba. Damuwata ita ce gaggawar masu yin ta. Idan taskkill ya tafi wata kwamfuta, da ƙarfi yake rufe manhaja, ba ya jiran a adana komai. Akawun da ya wuni yana shigar da albashin ma'aikata a Excel, sai ya ga allo wayam. Wataƙila ma manhajar ba ta mutu ba, lissafi ne ya yi mata nauyi, da an ɗan jira ta farfaɗo. Masu Linux suna da sassauci: kill yana fara roƙon manhaja ta rufe kanta, sai an ƙara -9 ake tilasta mata.

Don haka 'yan'uwana masu wannan sana'a, ku ɗaga waya tukuna, ku tambayi mutum yaushe rabonsa da adana aikinsa.