Jan Kunne Bisa Kalmar Turanci Mai Fuska Biyu

Zuwa ga malamai da almajirai na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum. Ku sani ina da ƙara bisa mutum biyu. Na fari, malamin da ke cewa ba ruwanmu da Turanci, a bar wa tafinta. Na biyu, malamin makaranta da ke jera wa yara kalmomi bisa allo, kowace da ma'ana guda tak, su hardace su tashi. Na biyun ya fi ba ni tsoro, don wanda bai sani ba yakan tambaya, amma mai rabin sani shina fassara gaba gaɗi.

Ga hujjata daga ƙasarmu. Cikin shekarar 2010 yara sunka riƙa mutuwa a Dareta da Abare da Sunke na Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF sunka lura, anka auna jini, anka iske gubar dalma ce. Dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gida shina da dalma, ƙurarsa ta zauna tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 sunka rasu. Bagega kuwa sai 2013 anka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta.

To, sunan dalma da Turanci lead. Yaron da anka hardatar ya san lead guda, wato jagoranci, wadda ake faɗa "liid". Ta dalma "led" ake faɗa. Haruffa huɗu ne ba su sāke ba, babu wata alama bisa ko ƙasa da za ta raba su. Haka mine: "nawa" ce, kuma ramin haƙar ma'adini ce, kuma nakiyar da ake binnewa ce. Haka well: "lafiya lau" ce, kuma rijiya ce, saboda haka well water ruwan rijiya ne kurum, ba shaidar ruwan na da kyau ba ce. Haka free: an koya masa "kyauta", sai ya ga lead-free bisa gwangwanin fenti, alhali nufinsa babu dalma ciki. Mafi haɗari positive. An ce masa abu mai kyau ne, alhali bisa takardar awon asibiti ma'anarsa an sami abin da ake nema a jikin majinyaci. Mai rabin sani sai ya yi wa uba barka inda ya kamata ya ce masa a gaggauta.

Ba na cewa kalma ce ta kashe yaran nan. Ƙura ce. Amma takardun awo da na gargaɗi da rubutun jikin magani da Turanci suke zuwa, kuma masifar ta sake aukuwa 2015 a ƙasar Rafi ta Jihar Neja. Wa ya kamata ya karanta wa talaka takarda, in ba mai karatun garinsa ba?

Abin mamaki, ku malamai kun fi kowa sanin wanga babi. Wane almajirin lugga ne bai san ainu ido ce, idon ruwa ce, ɗan leƙen asiri ce, zinariya ce ba? Kun kira shi mushtaraki, kuna buɗe Ƙamus na Fairuzabadi, kuna duba abin da ya gabaci kalma da abin da ya biyo ta kafin ku yanke. Ko Hausa, gari na tuwo daban, gari na sarki daban. Don me Turanci kaɗai za a ɗauke shi da ka?

Mai cewa harshen Nasara na rage malami, ya dubi ɗan Gummi, Malam Abubakar Mahmud Gumi. Ya yi Midil ta Sakkwato, ya san Larabci da Turanci, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Kuma tun 1934 Bature Bargery ya fitar da ƙamus na Hausa, shina bin kalma guda ta fuskokinta duka. Ya yi wa harshenmu wagga hidima don amfanin mutanensa, mu ko mun ƙi yi wa nasa don amfanin 'ya'yanmu.

Saboda haka ina kira ga abu uku. Kada a ba yaro kalma sai cikin jumlarta. Kada a wuce ta sai an tambayi ma'anarta ta biyu, an kuma ji lafazinta daga bakin wanda ya iya. Tafinta kuma, in kalmar takardar asibiti ta shige masa duhu, ya koma ga likita ya tambaya, don kunyar tambaya ta fi sauƙin ɗauka bisa ga gawar yaro.

Wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi. Haza wassalam.