Zancen Zaure: Sunan Ɗiya Mace a Ƙasar Faransa

A makon jiya wani yaro daga cikin 'ya'yanmu na Villeurbanne ya same ni bayan sallar Juma'a, ya ce, "Baba, an yi mini ɗiya, ina so in sa mata Sasha." Na ce masa sunan mace ne ko na namiji? Ya ce duka biyu, wai don in ta girma ta aika da takardar neman aiki, kada a san ko wace ce, balle a ture ta. To, ban yi masa dariya ba, gama tsoron nan nasa ba na banza ba ne.

Farko dai mu san dokar ƙasar da muke zaune. Tun 1803 Faransawa ba su da ikon sa suna sai wanda ke cikin kalanda ko na mutanen tarihi. Sai a ran 8 ga Janairu, 1993, aka sakar wa iyaye mara. Amma fa har yanzu in ma'aikacin ofishin magajin gari ya ga sunan zai cuci yaro, yana iya sanar da lauyan gwamnati, shi kuma ya kai gaban alƙali. An yi haka a Lorient a 2018 kan wata jaririya da aka sa wa Liam, sunan maza.

Mu ma Hausawa abin ba baƙo ba ne gare mu. Gambo, da Auta, da Altine, ai mace da namiji duk suna amsawa. Sai dai waɗannan laƙabi ne. Sunan yanka kuwa kakanninmu ba su yi wasa da shi ba: Hassan da Hassana, Aminu da Amina, kowa da nasa. Ku duba kuma yadda wuri ke juya suna. Nura a Kano ko Maraɗi namiji ne, amma a nan Liyon in aka ji Nura, sai a zaci ɗiyar Larabawa ce. Watau sunan da ya yi daidai a nan yana iya zama abin tsokana ran da yarinya ta je gida ganin kakanninta.

Ga shawarata. Doka ta yarda a rubuta wa yaro suna biyu ko uku, kuma kowanne yana iya zama wanda za a riƙa kiransa da shi. Saboda haka a fara da sunan yanka na mata sosai, sa'an nan a bi da wanda iyaye ke sha'awa. In ta yi hankali ta zaɓa da kanta.

Abu ɗaya kuma, dattawa. Kwana 5 kaɗai aka bayar a rubuta haihuwa, mu kuwa sai ran bakwai muke yanka rago. In kun jira ranar suna kafin ku sa baki, alƙalami ya riga ya bushe. Annabi (S.A.W.) ya raɗa wa ɗansa Ibrahim suna tun daren da aka haife shi, don haka ba laifi a yanke magana da wuri. Ku zauna da 'ya'yanku tun ciki na wata takwas, cikin lalama, ba da faɗa ba.

Yaron nan dai ya rubuta Hadiza Sasha. Allah ya raya ta. Wassalam.