Tagar Benen Nan, Gidan Wa Take Kallo?

Duk wanda ya san Dutsin-Ma kafin 2011, shekarar da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin, ya san bene ba kasafai ake ganinsa a cikin unguwa ba. Yanzu ɗalibai sun cika gari, ɗakin haya ya zama kasuwa, mai ɗan ƙaramin fili kuwa in yana son ɗaki goma sai ya hau sama. Ban ga laifin neman halak ba. Maƙwabcinsa nake ji.

Gidan Bahaushe a buɗe yake ta sama. A tsakar gida mata ke daka, su yi wanki, su shimfiɗa tabarma da dare in zafi ya matsa. Banɗakin ma sau da yawa ba rufi. Katanga ce kaɗai suturar gidan, ita kuma an auna tsawonta ne da mai tafiya a ƙasa. Ranar da aka ɗora bene da taga a gefe, shi ke nan, matar da ta shekara talatin a gidanta sai ta koma yin shara da hijabi.

In an yi magana, sai mai bene ya ce, "Ai fili na ne, ga takarda." To Alhaji, takardar fili daban, izinin gini daban. Dokar Filaye ta 1978 ta bar wa waɗanda suka riga suka gina gidajensu haƙƙinsu, ko ba su da takardar gwamna. Dokar tsara birane ta 1992 kuma ta ce sai da izini za a yi gini. A wurin ba da izinin nan ya kamata a tambayi inda tagogi za su kalla.

Malaman Malikiyya sun riga mu tattauna wannan. Ibn al-Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14, littafi guda ya rubuta kan hukuncin gine-gine. An ruwaito cewa tun zamanin Sayyidina Umar ake sa gado a ƙarƙashin taga, mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta. Amma tagar da ta riga gidan maƙwabci zuwa, ita ba a taɓa ta, wanda ya zo daga baya shi zai ɗaga katangarsa. Ni dai a nan na tsaya: wanda aka tarar shi ke da gaskiya, gwargwadon abin da aka tarar da shi. Mai tsohon bene ba zai ƙara hawa ɗaya ya ce ai da ma yana nan ba.

Kurfi ba ta kai Dutsin-Ma matsi ba tukuna, sai dai rashin tsaro yana turo mutanen ƙauye cikin gari. Gara a sa iyakar tsawon gini a tsoffin unguwanni tun kafin a zuba dakin, don rushe bene rigima ce ta shekaru.

Mu ɗalibai kuma, kuɗin hayarmu ne ke gina benayen nan. Kafin ka biya, leƙa ta taga. In tsakar gidan mutane ka gani, ka ce wa mai gida ya toshe rabinta ta ƙasa ko ya sa gilashi mai duhu. Bulo biyar da rabin buhun siminti sun isa.