Daga Bakin Allo: Littafin da Sufeto Ba Ya Dubawa

A wannan fitowa ina so mu ɗan ɗauke ido daga kan ɗalibi, mu dubi wanda yake tsaye gabansa riƙe da alli. Mun saba tambayar ko yaro yana ci gaba, amma da wuya mu tambayi ta wace hanya shi kansa malamin yake ƙaruwa bayan ya baro makarantar horon malamai ta ENIEG ya kama aiki.

Duk malamin firamare a ƙasar nan yana da littattafan da aiki ya ɗora masa. Akwai na shirin darasi, akwai rajistar kiran suna, akwai kuma na maki. Su ne direkta yake sa wa hannu, su ne kuma sufeto yake fara tambaya idan ya shigo aji. Dukansu suna da amfani, sai dai iyakar abin da suke faɗa shi ne darasin da malami ya yi niyyar koyarwa, da yaran da suka zo, da makin da suka samu. Babu ɗaya daga cikinsu da yake ba da labarin abin da ya auku tsakanin niyya da maki. Wannan shi ne aikin littafi na huɗu, wanda babu mai tambayarsa, wanda kuma a ganina shi ne yake raba malamin da yake ƙaruwa da wanda shekaru kawai suke taruwa masa.

Ɗan littafin rubutu ne mai shafi ɗari, kuɗinsa bai kai na tsiren da muke saye a bakin titin Briqueterie ba. Tsarin da na daɗe ina bi shi ne, idan an tashi, kafin in bar aji, sai in zauna minti goma in amsa tambayoyi uku. Me na shirya yau? Me ya faru da na zo yin sa? Wane yaro ne ban ji muryarsa ba? Layi biyar ko shida sun isa, muddin an sa kwanan wata, muddin kuma abin da ido ya gani aka rubuta ba hukuncin da zuciya ta yanke ba. Idan malami ya rubuta cewa wane daƙiƙi ne, bai bar wa kansa abin da zai yi aiki da shi gobe ba. Idan kuwa ya rubuta cewa wane ya yi lissafin daidai a kan ɗan allonsa, amma ya yi shiru da aka karanta masa tambayar da baki, to ya kama bakin zare.

Dalilin da ya sa ƙwaƙwalwa ba ta isa ba sananne ne. Tun watan Fabrairu na 2000, da shugaban ƙasa ya sanar da soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, azuzuwa suka ƙara cika, har wasu makarantu suna raba yara kashi biyu, na safe da na rana. Na taɓa riƙe aji mai yara fiye da 80. A irin wannan aji, malami yana komawa gida da sunaye iri biyu a kansa: masu ɗaga hannu, da masu fitina. Sauran, waɗanda su ne suka fi yawa, suna zaune a tsakiya ba su damu kowa ba, kuma daga cikinsu ne ake samun waɗanda za su kai CM2 ba su iya karanta shafi guda ba. Tambaya ta uku saboda su aka yi ta.

Abu na farko da littafin ya fito mini da shi fili shi ne maganar harshe. Yaron unguwarmu yana tashi da Hausa a gida, yana haɗuwa da Larabci a makarantar allo inda rubutu yake tafiya daga dama zuwa hagu, sa'an nan rana ɗaya a kai shi SIL a ce ya yi tunani da Faransanci, ya kuma juya hannunsa daga hagu zuwa dama. Da na jera kurakuran shifta na makonni da dama, sai na ga ba a warwatse suke ba, hanya ɗaya suke bi. Hausa ba ta bambanta sautin p da f, ba ta da v, ba ta kuma da wasalin nan na Faransanci da ake rubutawa u. Saboda haka kunnen yaron yana jin port da fort abu ɗaya, vin da bain abu ɗaya, rue da roue abu ɗaya. Maganin wannan minti biyar ne kowace safiya na horar da kunne da kalmomi bibbiyu, kuma cikin wata biyu ana ganin bambanci. Amma sai malami ya ga tsarin kuskuren kafin ya san maganin, ba kuwa zai gani ba idan kowane jan biro yana tafiya gida da mai shi ba a rubuta komai ba.

Haka abin yake a lissafi. A gidaje da yawa har yau da dala manya suke ƙirga kuɗi, inda dala ɗaya take sefa 5, dala ashirin kuma sefa 100. Akwai wani yaro a ajina na CE1 da nakan gani da yamma a rumfar mahaifinsa yana ba da canji ba tare da kuskure ba, amma a aji duk tambayar da ta shafi kuɗi sai ya ɓata ta. Littafin ne ya nuna mini cewa amsoshinsa kullum kashi ɗaya ne cikin biyar na amsar gaskiya. Wato yana yin lissafin daidai, har da ƙarin rabawa da biyar a ka, sa'an nan ya rubuta da dala. Yaron da ya fi 'yan ajin aiki shi ne yake komawa gida da sifili. Zama guda ya isa warware matsalar.

Masana sun daɗe da sanin nauyin wannan al'amari. A Ile-Ife ta Nijeriya, Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a 1970 na koyar da yara da Yarbanci tsawon shekaru shida na firamare, kuma ba su koma baya a Turanci ba. A Nijar an buɗe makarantar gwaji a Damagaram a 1973 inda ake fara karatu da Hausa. A nan Kamaru, Farfesa Maurice Tadadjeu na Jami'ar Yawunde ya jagoranci shirin PROPELCA tun 1981, kuma dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta sanya bunƙasa harsunan ƙasa cikin manufofin makaranta. To amma ajinmu na Yawunde ba na harshe ɗaya ba ne. A benci guda za ka sami Bahaushe da Bafulatani da ɗan Ewondo da ɗan Bamun da ɗan Bamileke, babu harshen gida guda da zai ɗauke su duka. Abin da ya rage shi ne malami ya san inda harshen kowane yake masa tuntuɓe, wannan kuwa sani ne da babu littafin koyarwa da zai ba shi, sai wanda ya rubuta da hannunsa.

Abu na biyu shi ne lokaci. Rajista tana nuna wanda bai zo ba, amma ba ta nuna wanda ya zo jikinsa kawai. Idan malami ya juya shafukan baya, zai ga yarinyar da take makara ranakun da famfo ya ɗauke, da yaron da yake gyangyaɗi a kwanakin ƙarshe na azumi, lokacin da kekunan ɗinki a unguwarmu ba sa tsayawa har asuba. Na taɓa samun irin wannan yaro a ajin jarrabawa, sai na je wurin kawunsa da yake koya masa ɗinki. Bayan mun gaisa na ce: "Alhaji, yaron nan naku yana da kai, amma ga kwanaki tara da na rubuta ya yi barci a aji, kuma saura makonni kaɗan jarrabawa." Ya karɓi littafin ya duba kwanakin, ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Malam, ai ban san abin ya kai haka ba. Daga yau ƙarfe goma zai tashi." Da ƙorafi na je masa da shi, da mai yiwuwa gardama za mu yi, amma kwanan wata ba ya jawo gardama.

Abu na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne malamin kansa. Wanda ya zauna a lokacin dogon hutu ya karanta abin da ya rubuta tun daga Satumba har Yuni, zai haɗu da wani mutum da bai gama sani ba. Zai ga ɓangaren aji da idonsa ya fi zuwa, zai ga ko maza yake yawan kira ko mata, zai ga darasin da yake gaggautawa domin shi kansa ba ya jin daɗinsa, zai ga kuma ranakun da fushin gida ya biyo shi aji. Dokar 1998 ɗin nan ta hana dukan ɗalibai, amma doka tana iya karɓe bulala ne kawai, ba ta ba malami abin da zai riƙe a madadinta. Abin da yake maye gurbin bulala shi ne sanin dalili, shi kuwa sai an bi sawu ake samunsa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Littafin nan yana sa mutum ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa ba tare da kowa ya kunyata shi ba.

Kada wani ya ɗauka wannan al'ada baƙuwa ce da Turawa suka kawo. A 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta gaban kowane, ciki har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Saboda wannan rubutu ne muka san yadda aka yi karatu a ƙasar Hausa a wancan zamani. A nan ƙasarmu kuma, Sarki Njoya na Fumban ya ƙirƙiro rubutun Bamun wajajen 1896 da alamomi kusan 500, ya buɗe makarantu, ya yi ta komawa kan aikinsa yana gyarawa, har alamomin suka dawo kimanin 80 a 1910. Shi bai ga kasawa ba a cikin sake duba abin da ya riga ya yi, kuma wanda yake sarki ne ya yi haka, balle mu.

Sai dai abin da aka rubuta game da ɗan wani amana ne. Ba a barinsa a kan tebur, ba a karanta shi a majalisa, kuma ya fi kyau a sa harafin farko na sunan yaro maimakon cikakken suna. Abin da ya dace a raba shi ne darasin da aka samu. Tun da ranar Laraba da tsakar rana ake tashi, malamai huɗu ko biyar suna iya zama sau ɗaya a wata, kowa ya kawo matsala guda da dabarar da ya gwada, ba tare da ambaton suna ba. Ina kira ga malamanmu na allo da na Islamiyya su shigo cikin irin wannan zama, domin yaron da malamin boko yake ganin ba ya riƙe komai, sau da yawa shi ne wanda alaramma ya san ya haddace izu biyar.

Ku kuma iyaye, kuna da rabonku. Idan kun je karɓar sakamako ko taron APEE, bayan tambayar na nawa ya zo, ku ƙara da cewa: "Malam, me ka lura da shi game da yaron nan?" Malamin da yake rubutu zai amsa nan take, wanda ba ya yi kuwa zai gane cewa ana jiran amsa daga gare shi. Ku sanar da shi abin da ba zai gani daga aji ba, kamar rashin lafiya, ko rasuwa, ko aikin dare. Uwar da ba ta jin Faransanci ma tana da babban taimako: ta sa yaron ya faɗa mata da Hausa abin da aka koya masa yau. Idan ya iya mayar da shi cikin harshensa, ya fahimta. Idan ya kasa, ta aika wa malam.

Abin da yake kan gaba ba ƙarami ba ne. Yaron da aka laƙaba wa daƙiƙanci yana da shekara takwas yakan yarda da sunan, iyayensa ma su yarda, kafin ya kai jarrabawar CEP da ta shiga aji shida na sakandare an riga an yanke cewa kuɗin karatunsa asara ne. Sana'a abin alfahari ce a unguwarmu, amma gara yaro ya shiga shago yana iya karanta takardar haya da ta haraji, da ya shiga domin an sallame shi bisa kuskuren da minti goma na rubutu zai iya ganowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai tanƙwarawar kuwa sai ya san ta inda ya karkata.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba malamansu haƙuri da basira, Ya saka wa waɗanda suka koyar da mu da alheri.