Kiristan Riyad da ibadar bayan labule

Idan Kirista ya sauka a sabuwar unguwa a Kano ko Zariya, neman ikilisiya ba ya ba shi wuya. Takardar da cocinsu na gida ta ba shi zai miƙa wa fasto, ranar Lahadi a gabatar da shi ga jama'a, a sa sunansa a littafi. In bai yi baftisma ba a tura shi aji, in mace ce zumuntar mata ta rungume ta. Daga ranar ya sami masu zuwa masa suna da biki, da masu tsaya masa ranar rasuwa. A Riyad kuwa babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa, domin babu coci ko ɗaya a birnin, haka ma a duk faɗin Saudiyya. Alhali ƙidayar 2022 ta nuna cewa cikin mutum miliyan 32.2 da ke ƙasar, miliyan 13.4 baƙi ne, kuma ana ƙiyasin Kiristocin cikinsu sun haura miliyan ɗaya: 'yan Filifin, Indiya, Masar, Habasha, har da likitoci da ma'aikatan jinya 'yan Najeriya.

Shiga ikilisiya a can magana ce ta raɗa. Abokin aiki ne zai ja ka, bayan ya daɗe yana auna ka. Ana haɗuwa a falon wani, galibi ranar Juma'a tunda Lahadi ranar aiki ce, a shigo ɗaya bayan ɗaya, a saki labule, a yi waƙa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Hukuma ta san da haka. A 2006 ta tabbatar wa Amurka cewa manufarta ce ta bar wanda ba Musulmi ba ya yi ibadarsa a gida. A 2016 an karɓe wa 'yan Hisbar ƙasar ikon kama mutane, a 2018 kuma Sarki Salman ya karɓi Kadinal Jean-Louis Tauran na fadar Paparoma a Riyad. Sai dai izinin ibadar gidan a baki ya tsaya, bai shiga doka ba. Shekara biyar bayan alkawarin 2006, a Disamban 2011, aka kama Kiristoci 35 'yan Habasha suna addu'a a wani gida a Jidda, daga baya aka kore su daga ƙasar. Abin da nake gani shi ne, lokaci ya yi da Saudiyya za ta rubuta wannan izini a doka, domin mai ibada a ɗakinsa ya san iyakarsa, ɗan sanda ma ya san tasa.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar mai karatu, wato hadisan da suka hana wani addini ya kafu a Jazirar Larabawa tare da Musulunci, da kuma yadda Sayyidina Umar ya tashi Kiristocin Najran. Wannan hujja ce mai nauyi, ban kuma zo in yi mata wasa ba. Shi ya sa ban ce a gina coci ba, ko da yake Kuwait da Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun daɗe da su, Ƙatar ta buɗe tata a Doha a 2008, Bahrain kuma ta buɗe babbar majami'a a Awali a 2021. A bar wa malamai muhawarar inda iyakar Jazira ta tsaya. Amma batun ko baƙon zai zauna, hukuma ta riga ta yanke shi da hannunta ranar da ta buga masa iƙama, wato takardar izinin zama, wadda a jikinta ma akwai gurbin addini. Ita ta kira shi, ta san Kirista ne, ta damƙa masa marasa lafiyarta da 'ya'yanta. A fiƙihu wanda ya shigo da amana, jininsa da dukiyarsa a tsare suke, Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. To, da wace hujja za a fasa ƙofar mutumin da ka ba amana don kawai yana addu'a a ciki?

Wasu za su ce ta nan wa'azin Kirista zai shigo. Ai dokar ƙasar ta riga ta hana yi wa Musulmi wa'azin wani addini, kuma rubuta izinin ibadar gida ba zai taɓa ta ba. Hasali ma abin da aka yi a ɓoye ya fi wuyar sa ido. Wanda ke cin ribar duhun shi ne mugun kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin ma'aikaci, da zai iya riƙe albashin 'yar aiki ya kuma tsorata ta da cewa ya san inda take zuwa ranar Juma'a.

Saura masu cewa ina ruwanmu, ƙasarsu ce. Ruwanmu ne, domin 'ya'yanmu na cikin falon nan, wasunsu ma da Hausa suke addu'a. Kuma mu ne muka ji zafi a 2009 da Suwizalan ta hana gina hasumiyar masallaci, muka yi murna da babban masallacin Roma da aka buɗe a 1995, wanda Saudiyya ta zuba kuɗi mai yawa wajen gina shi. Bai dace mu nemi adalci ga namu a garin wasu ba, mu kuma kau da kai idan na wasu ne a garin namu. Riyad na shirin karɓar baje kolin duniya a 2030, ƙasar kuma gasar cin kofin duniya a 2034, baƙi sai ƙaruwa za su yi. Duk yarjejeniyar tura ma'aikata da gwamnatin Najeriya za ta sa wa hannu da Saudiyya, ta nemi a rubuta wannan sharaɗi a ciki, malamanmu kuma su mara mata baya.