Kafin mu ɗora wa kishiya laifi



Akwai wata fitowa da ta zama ruwan dare a labaran da ake turowa wannan zaure. Amarya ta tare, uwargida ta aiko mata da abinci a kula, kafin gari ya waye zazzaɓi ya rufe ta, ciki ya murɗe, an kwashe ta ranga-ranga sai asibiti, likita ya ce taifod ne. Mai karatu dai ya riga ya yanke hukuncinsa: barbaɗe aka yi mata. Ba mu ce ba a sa wa mutane guba ba, ana yi, kotuna ma sun sha sauraron irin waɗannan shari'o'i. Amma waɗanda ƙwayar cuta ke kwantarwa ta hanyar abinci sun fi waɗanda hannun maƙiyi ke kwantarwa yawa nesa ba kusa ba, kuma a ra'ayinmu marubucin da zai kwantar da tauraruwarsa a gadon asibiti ya kamata ya san yadda cutar take tafiya.

Mu ɗauki ƙwayar Salmonela, wadda ta samo sunanta daga wani likitan dabbobi ɗan Amurka, Daniel Salmon. Danginta suna da yawa. Wasu ta kaza da ƙwai suke zuwa, su haddasa gudawa ta 'yan kwanaki. Mai kawo taifod kuwa a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, tana shigowa ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Ruwan tsamin ciki yana kashe da yawa daga cikinsu. Waɗanda suka tsira zuwa ƙaramin hanji suna da wata aba kamar allura, wadda suke soka wa ƙwayoyin bangon hanji su ɗura musu sinadarai, sai bangon ya naɗe su ya shigar da su da kansa.

A bayan bangon akwai masu gadi, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da masana ke kira makurofej, wato babban maciyi da Girkanci. Aikinsu shi ne su haɗiye baƙo, su kulle shi a cikin wata 'yar jaka, su kwarara masa sinadaran da za su narkar da shi. To Salmonela ba ta gudu. Bari take yi a haɗiye ta, tana shiga sai ta fito da allura ta biyu daga cikin jakar, ta sauya ginin jakar yadda sinadaran narkarwa ba za su cim mata ba, ta miƙe ƙafa ta shiga hayayyafa. Ɓarawo ke nan ya kama haya a ofishin 'yan sanda. Ta taifod tana da ƙarin wayo: tana sanye da wata riga ta sinadarin dangin sukari da ke rufe alamominta, don haka hanji ba ya yin kururuwa da wuri. A cikin masu gadin nan take yin balaguro zuwa hanta da saifa da ɓargo, mutum yana ta harkokinsa bai san komai ba, har mako ɗaya ko biyu, wani lokaci ma kusan wata guda.

Wannan shirun shi ne abin da muke so mu tsaya a kai. Amaryar da taifod ya kayar a daren da ta ci girkin uwargida, tun kafin ta tare ta kwaso shi. Wataƙila a zoɓon ranar kamu ne, ko a ruwan da aka dama fura, ko a latas ɗin lambun bakin Kubanni da aka sayo a kasuwar Samaru aka yanka cikin gaggawar biki ba a wanke shi sosai ba. Ƙwayar ta ɓuya, zargi ya faɗa kan hannun da ya miƙo kwano na ƙarshe.

Akwai dai inda kwanon ƙarshen ke da laifi. Shinkafar da aka dafa da safe aka rufe a kula har magariba tana iya tara dafin wata ƙwayar daban, wanda ɗumame ba ya kashewa, kuma amai yakan taso cikin sa'a 1 zuwa 6. Ko a nan ma, laifin kula ne da rashin wutar firji, zuciyar mai girkin tana iya zama fes.

Wani zai ce mai karatu mugu yake so mai fuska da suna, wa zai bi labarin ƙwayar da ido ba ya gani? To ga fuska. Daga cikin mutum 100 da suka warke daga taifod, kimanin 2 zuwa 5 sukan ci gaba da ɗauke da ƙwayar a matsarmamarsu, suna fitar da ita a bayan gida shekara da shekaru alhali suna garau. A birnin New York an yi wata kuku mai suna Mary Mallon, wadda aka gano a 1907 cewa gidajen da ta yi wa girki taifod yana bin su. Ta ƙi yarda tana ɗauke da wani ciwo, don ita lafiyarta ƙalau, ƙarshe a killace ta mutu a 1938. Yanzu mu dawo da ita Sabon Gari: wata inna mai girkin biki a Muciya, mutuniyar kirki, kowa na son hannunta, jikokinta suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya, ita ce kan gaba wajen jinya da kuka, ana ta nuna surukarta da yatsa. Ranar da likita zai zaunar da ita ya faɗa mata, wace kishiya ce za ta ba mu fitowa irin wannan?

Kuma abin ya wuce daɗin labari. Matar da ke karanta mu a waya a Hayin Dogo, idan kullum mun nuna mata ciwon ciki sammu ne, ranar da ɗanta ya yi kwana goma yana zazzaɓi wurin mai karya sammu za ta fara nufa. Taifod ɗin da ba a yi wa magani ba yakan huda hanji, galibi a mako na uku, daga nan sai tiyata ta gaggawa. Ko likitan da ke cikin labaranmu ya kamata mu gyara masa baki. Gwajin Widal da yake yankewa da shi nan take tun 1896 aka ƙirƙiro shi, yana kuma iya nuna taifod a jikin mai zazzaɓin cizon sauro. Rainon ƙwayar daga jini a ɗakin gwaji ya fi shi tabbaci.

Mu 'yan Zariya ba mu da uzuri. A garin nan aka fitar da littattafan Ikon Allah na East da Abubakar Imam, masu bayanin halitta da Hausa tsantsa. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, da sashen nazarin ƙananan halittu da tsangayar likitancin dabbobi, asibitin koyarwarta yana Shika, ɗalibansu kuma wasu suna cikin wannan zaure. Tambaya ɗaya ta akwatin saƙo ta isa.

Aikin wannan mako: gajeren labari da bai wuce kalma 500 ba, a gidan da mutum uku suka kwanta kwana goma bayan suna. A turo kafin daren Juma'a.