Shawarar Toshewa: Abin da Likita Ke Dubawa Kafin Tiyata

Ba kowace shawara ce ke jin jiƙo ba. Akwai wadda asalinta toshewar hanyar da ruwan matsarmama ke bi zuwa hanji ce, ko dai tsakuwa ta tare ta, ko ƙari ya danne ta. Mai irin wannan, idonsa ya koma ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, ga ƙaiƙayi da ke hana shi runtsawa har ya yi wa fatarsa rauni da farce. Sau da yawa sai an yi masa tiyata.

To amma sai a kwantar da shi, dangi su yi ta ƙorafi a bakin ɗaki: kullum sai ɗibar jini, an ƙi shiga da shi. Wannan jinkiri yana da dalili.

Likita na auna sinadarin bilirubin don sanin tsananin toshewar, ya auna albumin don ganin ko hanta na aikinta. Sai dai albumin ba ya saurin faɗuwa, don haka labarinsa kan zo a makare. Gwajin da ya fi tsaya wa likitan fiɗa a rai shi ne na daskarewar jini. Hanta na buƙatar bitamin K kafin ta haɗa sinadarai 4 masu tsayar da jini, shi kuwa bitamin ɗin ba ya shiga jiki daga hanji sai da ruwan matsarmama. Hanya ta toshe, bitamin ya yanke, ƙaramin yanka sai ya zama ambaliya. Saboda haka ake yi wa majinyaci allurar bitamin ɗin a sake gwaji. In jinin ya daidaita, hantar na da sauran ƙarfi. In ya ƙi, to ita kanta ta taɓu, lissafin tiyatar ya canza ke nan.

Kafin a samu wannan bitamin, zubar jini ya ci masu shawara da dama bayan tiyata. A 1935 likita Allen Whipple na Amurka sai da ya raba tiyatar da yake yi wa irin waɗannan majinyata gida biyu, ya fara sassauta shawarar tukuna. A 1940, bayan bitamin K ya shigo hannu, ya yi ta a zama ɗaya. Henrik Dam na Denmak, wanda ya gano bitamin, ya samu kyautar Nobel ta 1943.

Ana kuma sa ido kan ƙoda, domin ta mai shawarar toshewa kan gaza bayan aiki, shi ya sa ake ƙarin ruwa tun da wuri.

Shin a sa bututu a fara tsiyaye ruwan matsarmamar kafin tiyata? Wani bincike da aka wallafa daga Holan a 2010, kan masu kansar kan fankiriyas, ya nuna kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka yi wa hakan sun gamu da matsala mai tsanani, alhali kashi 39 ne cikin waɗanda aka yi wa tiyata da wuri. Yanzu an fi ajiye bututun ga mai zazzaɓin kumburin hanyar, ko wanda aikinsa zai ja lokaci.